Yadda za ka bi sawun kuɗin gwamnati tun daga Abuja har asibitin gundumarku

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 babban banki ya saki naira aka ce kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati take sayarwa wajen 460 ta zo ta wuce 1,500. Watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na 'yan Band A, wato rukunin da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Duk waɗannan hujja ɗaya aka ba mu, wai ana toshe ɓaraka ne, kuɗin da suke zurarewa za su koma asibiti da makaranta da hanya. Toh mu dai mun biya namu kason, a gidan mai da tasha da wajen mai awo, saura a ga ɗaya ɓangaren na alkawarin, kuma wannan ba wanda zai zo har gida ya nuna maka, kai ne za ka bi.

Ba yau aka fara ba ai. Lokacin Abacha da aka ƙara kuɗin mai a 1994 sai aka kafa asusun rarar kuɗin mai, PTF, aka ba Buhari ya riƙe, manya har yanzu suna tuna allunan PTF a bakin hanya da maganin PTF a asibiti. A 2012 Jonathan ya kai lita daga 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga ya dawo da ita 97, ya kafa shirin SURE-P don yin ayyuka da rarar tallafin. Ko ka yarda da su ko ba ka yarda ba, waɗancan suna da suna da tambari, kana iya nuna abu ka ce da rarar kuɗin mai aka yi wannan. Na yanzu ba haka yake ba, kuɗin suna shiga asusun tarayya ne a raba su tare da sauran kuɗi, su narke cikin kason jiha da na ƙaramar hukuma. Shi ya sa bin sawunsu yake buƙatar ɗan ilimi kaɗan, waya mai data, da kuma haƙuri mai yawa.

Fara da sanin nawa ya shigo. Duk wata kwamitin rabon arziki da ake kira FAAC yana zama a raba abin da aka tara, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60, bayan an cire wa jihohi masu mai kashi 13 nasu. Harajin VAT rabonsa daban ne, da tarayya 15 take ɗauka jihohi 50 ƙananan hukumomi 35, amma sabuwar dokar harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta mayar da na tarayya 10 na jihohi 55 daga Janairun 2026. A farkon 2023 abin da ake rabawa a wata bai kai tiriliyan 1 ba, a 2025 kuwa akwai watannin da ya wuce tiriliyan 2. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS da ofishin akanta janar na tarayya suna saka takardar rabon a shafukansu na intanet, jiha-jiha, ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma. Ka shiga Google ka rubuta FAAC da sunan watan da shekarar da NBS, ka sauke fayil ɗin, ka gangara har ka zo jiharmu Gombe, za ka ga ƙananan hukumominta goma sha ɗaya a jere, Akko, Balanga, Billiri, Dukku, Funakaye, Gombe, Kaltungo, Kwami, Nafada, Shongom, Yamaltu/Deba. 'Yan uwanmu na Bauchi nasu ashirin ne, hanyar ɗaya ce. Teburin yana da faɗi sosai a waya zai ba ka ciwon ido, in da hali ka je shagon masu kwamfuta a buga maka shafin jiharku kawai, layin ƙarshe na dama shi ne jimlar, shi za ka rubuta a littafi. Sukan yi jinkirin wata ɗaya ko biyu kafin su saka, kar wannan ya dame ka.

Amma fa kar ka ga lambar ta ninka ka kama ihu. Wannan kuskuren shi ne ya fi yawa a Facebook, mutum ya ɗauko kason 2022 ya ajiye gefen na 2025 ya ce ga shi kuɗi sun ninka ina aiki. Naira ta yanzu ba ta da ba ce. Abin da nake ba da shawara, ka raba kason da farashin buhun siminti na wannan lokacin, tunda yawancin aikin ƙaramar hukuma gini ne, kwalbati da aji da ɗakin haihuwa. Misali kawai, in da ana samun miliyan 200 siminti yana 4,500, yanzu ana samun miliyan 450 siminti yana 10,000, ka buga a kalkuleta za ka ga buhunan kusan ɗaya ne. Sannan albashi mafi ƙanƙanta ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, shi ma ya ci nasa. Ba ina kare kowa ba ne, kawai in ka je gaban ciyaman ko ma'aji da lissafin da bai yi la'akari da wannan ba, da jumla ɗaya zai kayar da kai kuma sauran maganarka ta gaskiya ta bi ruwa.

Na biyu, abin da aka rubuta a takardar Abuja ba shi ne yake isa sakatariyar ƙaramar hukuma a Kumo ko Bajoga ko Malam Sidi cif-cif ba. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya yi tanadin asusun haɗaka tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, ta nan kuɗin suke bi, a zare albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya, fansho, kason masarautu, wani lokaci da ayyukan haɗin gwiwa. Ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sai dai aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kansilanku ba "ina kuɗinmu" ba ce, wannan tambayar ba ta da amsa sai faɗa. Ce masa za ka yi, Honarabul, a watan kaza takardar Abuja ta nuna kaza, bayan an cire albashi da fansho nawa ya rage a hannun ƙaramar hukuma, kuma majalisarku ta kansiloli ta amince a yi me da shi? In ya sani ka ƙaru. In bai sani ba shi ma ka ƙaru, don ka san irin wakilin da kuke da shi.

Sai kasafin kuɗin jiha. Nan ne ake yi wa mutane wasa da hankali ba tare da an yi ƙarya ba. Kasafi alkawari ne kawai, a ce an ware wa lafiya biliyan kaza, a yi tafi, jaridu su buga, ana ma kwatanta shi da kashi 15 ɗin nan da shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya daga kasafi a Abuja a 2001. Warewa daban, saki daban. Takardar da za ka nema ita ce rahoton aiwatar da kasafi wanda ake fitarwa duk bayan wata uku. Tun da Bankin Duniya ya kawo shirin SFTAS a 2018, wanda ya riƙa ba jihohi tukuici in sun bayyana lissafinsu, jihohi suka saba saka kasafi da wannan rahoton a shafin ma'aikatar kuɗi ko na kasafi, akwai ma ɗan taƙaitaccen kasafi na talakawa mai hotuna da suke yi. A cikin rahoton ka wuce shafukan farko, ka nemi ɓangaren manyan ayyuka, ka binciko hukumar lafiya a matakin farko da hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, SUBEB, da hukumar ruwa. Kowane aiki layi ɗaya ne, ga abin da aka ware, ga abin da aka kashe a wannan zangon na wata uku, ga jimlar tun farkon shekara, ga kaso cikin ɗari. Za ka ga wani layi an ware miliyan ɗaruruwa amma har zango na uku gidan kashewa ɗan tsinke ne kawai aka ja, wato ko sisi ba a saka ba, wani layin kuma tun watan Yuni ya cinye kashi 90. In ka jera waɗanda aka saki da waɗanda aka bari, nan za ka ga ainihin abin da gwamnati ta ɗauka da muhimmanci, ba a jawabin gabatar da kasafi ba. Amma ka yi adalci, zango na farko kusan ko'ina yana tafiyar hawainiya, kuma wasu ayyukan ana biya ne a ƙarshen shekara, rahoton zango na huɗu shi ne alƙali.

Yanzu mu sauko ƙasa, inda ni a ganina aikin ya fi amfani, wato asibitin gunduma. Gombe tana da gundumomi 114 kuma tsarin shi ne kowace gunduma ta samu aƙalla asibitin matakin farko ɗaya mai aiki. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar tarayya a zuba a wani asusu na kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda sai a kasafin 2018 aka fara saka masa kuɗi. Wani kaso yana bi ta inshorar lafiya don a biya wa marasa ƙarfi, a nan jihar ta hannun hukumar inshorar lafiya ta jiha, GoHealth, wani kason kuma yana shiga asusun banki na shi kansa asibitin duk wata uku, don magani da gyare-gyare da ƙananan buƙatu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kwamitin ci gaban gunduma, WDC, yana da hannu a wannan asusun, shugaban kwamitin yana cikin masu sa hannu tare da inchajin asibitin, kuma tare ya kamata su tsara abin da za a kashe. Wato akwai wani dattijo ko matashi a unguwarku, wanda kuke sallah sahu ɗaya, da ya san ranar da alat ya shigo. Nemo shi tukuna kafin ka je asibitin.

In za ka je kar ka je da safe, lokacin awo da rigakafi ne, mata sun cika benci ga yara suna kuka, duk wanda ka tsayar da tambaya a lokacin ka zama ɗan neman fitina. Bari sai bayan azahar. Ku je ku biyu ko uku, da mace a cikinku, don akwai abin da ita za ta gani a ɗakin haihuwa wanda kai ba za a bari ka leƙa ba. Ku yi sallama ku gaisa sosai, in mace ce inchajin ka ce Hajiya ko Anti sannu da aiki, ya haƙuri da mu, mu 'yan ƙungiyar unguwa ne mun zo mu ji matsalolinku ne ko akwai inda za mu taimaka da murya. Wallahi ma'aikacin lafiya in ya ga ba kama shi ka zo yi ba shi da kansa zai zazzage maka, zai nuna maka silin ɗin da yake yoyo da batirin solar da ya mutu da cewa ungozoma ɗaya ce take kwana take wuni. Kana saurare kana kallo. Firijin rigakafi yana aiki, akwai takardar da ake rubuta sanyinsa safe da yamma a manne a jiki, an cike ta har ta yau ko tun makon jiya aka tsaya? Kantar magani akwai na zazzaɓin cizon sauro da ORS da maganin ƙarin jini na masu ciki, ko kwalaye ne babu komai? Famfon yana kawo ruwa ko mai jego ce ake cewa danginta su zo da jarka? Jerin ma'aikatan da aka manna a bango mutum nawa ne, nawa ka gani da idonka? Daga nan sai tambaya ta ƙarshe a hankali, kuɗin zangon nan sun shigo kuwa, me aka tsara yi da su? In an ce ba su shigo ba ka rubuta ranar, matsalar tana sama ke nan ba a nan ba, kuma ka samu abin da za ka kai gaba. Kar ka ɗauki hoton mara lafiya ko rajistar sunayensu, wannan haramun ne a aikinsu kuma da gaskiyarsu.

Makaranta kusan haka ne. Dokar ilimin bai ɗaya, UBE, ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, UBEC, amma jiha ba ta taɓa nata kason gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa, shi ya sa za ka ji ana cewa biliyoyi suna kwance jihohi ba su ɗauka ba. UBEC takan fitar da jerin waɗanda suka ɗauka da waɗanda ba su ɗauka ba, duba shekarar da jiharku ta tsaya. A makarantar kuma kwamitin al'umma mai kula da makaranta, SBMC, shi ne ƙofarka, ka tambayi hedimasta malamai nawa ne a takarda, nawa suke shiga aji.

Duk inda ka ga an kafa allon kwangila ka tsaya ka ɗauke shi hoto tun yana sabo, kafin rana ta cinye rubutun ko yara su cire shi. Sunan aikin, ma'aikatar da ta bayar, ɗan kwangila, shekara, duk suna jiki, kuma da shi za ka gane na tarayya ne ko na jiha ko na ɗan majalisa, don sau da yawa ana zagin wanda ba shi ya bayar da aikin ba. In na mazaɓa ne na 'yan majalisar tarayya, ƙungiyar BudgIT tana da shirin Tracka da suke bin irin waɗannan, suna fitar da jerin ayyukan kowace jiha.

To in an hana ka bayani fa? Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, FOI. Da jihohi suna cewa ta tarayya ce ba ta shafe su ba, amma a Afrilun 2025 kotun ƙoli ta ce ta hau kan kowane mataki na gwamnati. Wasiƙa ce kawai, shafi ɗaya, zuwa ga shugaban ma'aikatar, ka ambaci dokar, ka faɗi takardar da kake so takamaimai. Kar ka rubuta "duk bayanan kuɗin lafiya", za a ce ba a gane ba. Rubuta kwafin takardar bayar da kwangilar gyaran asibitin gunduma kaza ta shekara kaza da adadin da aka biya zuwa yau. Doka ba ta ce sai ka faɗi dalilinka ba. Suna da kwana 7 su amsa, suna iya ƙara wasu 7, in sun ƙi kana da kwana 30 ka kai kotu. Ka buga kwafi biyu, ka kai wajen masu karɓar wasiƙu, ka tsaya a buga maka hatimi da kwanan wata da sa hannu a kan naka kwafin, kar ka yarda da "ajiye a nan za mu ba oga". Wannan kwafin mai hatimi shi ne komai. Gaskiya sau da yawa shiru za ka ji, amma wasiƙar da ta fito da sunan ƙungiya mai rajista, aka kai kwafi ga kwamitin majalisar jiha mai kula da fannin, ta fi wahalar a jefa a durowa.

Wani ɓangaren gyare-gyaren gwamnati da yake taɓa mutane kai tsaye shi ne tantance ma'aikata. Tun tsarin biyan albashi ta kwamfuta na tarayya, IPPIS, a 2007 da asusun bai ɗaya TSA a 2015, har zuwa na'urar dangwala yatsa da aka kawo wa ma'aikata a jihar nan, manufar dai a kori ma'aikatan bogi da masu karɓar albashi suna kasuwa, kuma ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Sai dai rariya in ta yi aiki takan tafi da tsaba, ma'aikacin gaske yana iya tashi ya ga an tsallake shi a albashi saboda sunansa a BVN Muhammad ne a NIN Mohammed, ko shekarar haihuwa ta saɓa da ta fayil. In kai ma'aikaci ne ko kana da tsoho ɗan fansho a gida, kar ka jira sai an yi shelar tantancewa. Haɗa takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, takardun makaranta, shaidar haihuwa da takardun biyan albashi na 'yan watannin baya a fayil ɗaya, ka ɗauke su hoto ka tura wa kanka a imel, sannan ka daidaita sunan NIN da na banki tun yanzu da babu layi. Tallafin naira 25,000 na gidaje da bashin ɗalibai na NELFUND su ma duk a kan NIN da BVN suke tsayawa, harafi ɗaya yana iya hana mutum.

Abin da ka tattara kuma kar ka yi gaggawar watsa shi da zagi. Ka rubuta abin da ka gani da ranar da ka gani da lambar da take takarda, ka tsaya nan, kalmar "sata" ko "ɓarawo" ka bar wa kotu, don ana kama mutane da dokar laifukan intanet a kan rubutu kuma ba kowa ne yake da lauya ba. Fara kai wa mai unguwa da shugaban WDC da kansila, in ba motsi sai ɗan majalisar jiha, sannan shirye-shiryen rediyo na kiran waya, waɗanda har yanzu jami'an gwamnati sun fi jin tsoronsu a kan rubutun Facebook.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Gwamna yakan kai kasafi majalisa ne a watannin ƙarshen shekara, kafin nan ma'aikatu sun riga sun miƙa buƙatunsu, ana kuma yin taron jin ra'ayin jama'a a shiyyoyin sanata uku. Wanda ya kawo kokensa a Janairu ya makara da shekara guda. Saboda haka daga Yuli zuwa Satumba ku zauna a unguwa ku zaɓi abu biyu kacal, ba goma ba, ku rubuta su da sunan wuri da kimanin kuɗin da za su ci da sa hannun mutane, ku kai taron ku kai wa ɗan majalisarku kwafi. Idan kasafin ya fito ku duba ko layin ya shiga, in ya shiga ku rubuta lambarsa, da ita za ku neme shi a rahoton zango na farko da zai fito wajen ƙarshen Afrilu.